WAYAR HANNU DA CIWON ASMA: JAWABI GA MATASA DA IYAYENSU



Duk wanda ya taɓa kwana a Sorau, ko a wani gari na ƙasar Maiha da Mubi, cikin watan Disamba ko Janairu, ya san yadda hunturu yake sauka a wannan yanki na Jihar Adamawa. Iska takan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar da ta kwaso tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo ya rufe duwatsun kan iyakar Kamaru, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Ga yawancin mutane wannan ɗan lokaci ne na sanyi da mura, a ji ɗumin wuta a jira bazara. Amma akwai gidajen da hunturu yake zame musu lokacin fargaba, domin a cikinsu akwai saurayi ko budurwa da ke tashi zaune tsakar dare, ƙirji yana kuka, numfashi yana neman gagara, uwa tana fifita, uba ya fita neman mai babur.

Saboda irin waɗannan gidaje aka shirya wannan jawabi. A yau da wuya a shiga gida a rasa wayar hannu, ko ta uba, ko ta uwa, ko ta babban wa. Tambayar da za a amsa ita ce, shin wannan waya tana iya taimakon matashi mai ciwon asma ya kula da kansa? Amsa a taƙaice: tana iya tuna masa magani, ta ajiye masa lissafi, ta sada shi da malamin asibiti. Amma waya ba ta buɗe ƙirjin da ya toshe. Amfaninta yana zuwa ne bayan an san ciwon, an samu maganin, an kuma samu ma'aikacin lafiya mai duba abin da aka rubuta.

MENE NE CIWON ASMA?

A cikin huhun ɗan Adam akwai hanyoyin iska masu rassa kamar rassan itace, suna ƙara sirancewa har su kai ƙarshe. Ga mai asma, bangon waɗannan hanyoyi a kumbure yake, ko da yana jin lafiyarsa lau. Idan wani abin da jikinsa ba ya so ya shiga, sai kumburin ya ƙaru, majina ta taru, naman da ke kewaye da hanyoyin ya matse su. Daga nan sai iska ta riƙa wucewa da ƙyar. Shi ya sa ake jin tari, musamman da dare ko da asuba, da ƙara kamar fito a ƙirji, da ɗaurewar ƙirji, da haki.

Abubuwan da ke tayar da ciwon sanannu ne a ƙasar nan: ƙurar hunturu da sanyin asuba, hayaƙin itacen girki, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, hayaƙin janareta da na ƙunar daji, taba da shisha, ƙaiƙayin dawa da ƙurar gyaɗa da wake lokacin sussuka da shiƙa, kyankyasai da gashin kyanwa, da kuma mura. Wasu kuma ƙwayar asfirin da danginta suke tayar musu. Kowane mai asma da nasa abin da ya fi damunsa.

Wajibi ne a bambanta asma da tarin fuka, domin sau da yawa akan haɗa su. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa, kuma ana warkewa da maganin wata shida. Asma kuwa ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko aure. Ba aikin sammu ba ce, ba kuma na iska ba. Har yanzu ba a samu maganin da ke tumɓuke ta ba, amma akwai maganin da ke kwantar da ita, har mai ita ya yi karatu, ya yi noma, ya buga ƙwallo, ya yi aure ya haihu kamar kowa.

YAWAN MASU ITA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, kuma ta kashe mutum 455,000 a wannan shekara. Mafi yawan waɗanda suka mutu a ƙasashe marasa ƙarfi suke, inda ba a gano ciwon da wuri, ba a kuma samun magani. A nan gida, wani bincike da likitocin Nijeriya suka buga a 2019 ya ƙiyasta masu asma da kimanin miliyan 13.

Game da matasa kuwa, a 2024 an buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a makarantun birane shida, watau Legas da wasu birane a Gana, Yuganda, Malawi, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. An tambayi ɗalibai fiye da 27,000 masu shekara 12 zuwa 14. Fiye da 3,000 daga cikinsu suna da alamun asma, amma kimanin 8 cikin kowane 10 na waɗannan ba a taɓa tabbatar musu da ciwon a asibiti ba. To, in haka abin yake a manyan birane masu asibitocin koyarwa, sai a yi tunanin yadda zai kasance a ƙauye. Saboda haka matakin farko shi ne a kai yaron asibiti a duba shi, a san abin da ke damunsa. Batun waya bayan wannan yake zuwa.

ME YA SA AKA KEƁE MATASA?

Yaro ƙarami uwarsa ce ke riƙe da maganinsa. Babba kuwa wuya ta riga ta koya masa hankali. Amma wanda ke tsakanin shekara 12 da 19 yana tsaka-tsaki ne: ya fita daga hannun uwa, bai kuma gama shiga hannun kansa ba. A wannan lokaci ne ake tafiya makarantar kwana a Mubi ko Yola, ko a shiga koyon sana'a, ko a bi shanu, ko a fara zama da abokai masu shan taba.

Har wa yau akwai kunya. Saurayi ba ya son abokan ƙwallonsa su ga ya fito da abin shaƙa. Budurwa kuma iyayenta na iya ɓoye ciwon don gudun kada masu neman aure su janye. Akwai kuma camfin da ya yaɗu, wai wanda ya fara shaƙar inhela ba ya iya rabuwa da ita, ko kuwa wai sai ciwo ya kai gargara ake ba da ita. Wannan ba gaskiya ba ne. Maganin shaƙa yana zarcewa huhu kai tsaye, saboda haka ɗan kaɗan yake isa, kuma ya fi ƙwaya da ruwan magani sauƙin illa ga jiki.

Babbar matsalar ita ce mantuwa. Da matashi ya ji sauƙi kwana biyu sai ya ajiye magani, kumburin kuwa yana nan yana ruruwa a ɓoye kamar wutar ƙaiƙayi.

MAGANI IRI BIYU

Ba za a gane aikin waya ba sai an gane cewa maganin shaƙa iri biyu ne. Na farko shi ne mai buɗe ƙirji, irin su salbutamol, wanda galibi yake zuwa a shuɗin mazubi. Yana aiki cikin 'yan mintoci, amma bayan kamar awa 4 ƙarfinsa ya tafi, kuma ba ya taɓa kumburin. Na biyu shi ne na rigakafi, irin su beclometasone da budesonide. Shi ba a jin aikinsa nan take, sai an lizimce shi kwanaki da makonni, amma shi ne yake kwantar da kumburin ya hana ciwo tashi. Akwai kuma wanda ya haɗa aikin biyu a mazubi ɗaya.

Shekara da shekaru an saba barin mai ƙaramar asma da shuɗin nan kaɗai. Amma a 2019 ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin kula da asma, wadda aka fi sani da GINA, ta daina ba da wannan shawara ga matasa da manya, domin an gano cewa dogaro da shuɗin kaɗai yana da hatsari. Wanda yake ƙarar da mazubi 3 ko fiye na shuɗin a shekara yana cikin hatsarin mummunan tashin ciwo, wanda kuma yake ƙarar da ɗaya kowane wata ransa ma yana cikin hatsari. Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa, a nan kuwa maganar ta zauna daidai.

To, ga inda gizo yake saƙa. Maganin da ke kare rai shi ne wanda ba a jin daɗinsa nan take, saboda haka shi aka fi mantawa. Nan ne waya take da abin yi.

AYYUKA HUƊU DA WAYA KE IYA YI

Manhaja ita ce ɗan tsarin aikin da ake saukewa a babbar waya, kamar yadda ake sauke WhatsApp. An ƙirƙiro manhajoji masu yawa domin masu asma, amma in an tace su ayyukansu ba su wuce huɗu ba.

Na ɗaya, tuni. Ƙararrawa ta buga da safe, ta buga da dare, a shaƙi maganin rigakafi, a kurkure baki a zubar. Ga masu azumi, ana iya shawara da malamin asibiti a mayar da lokutan zuwa sahur da bayan shan ruwa, maimakon a ajiye magani wata guda.

Na biyu, lissafi. Kowace rana a rubuta ko an yi tari ko haki, ko ciwo ya ta da mutum daga barci, sau nawa aka shaƙi shuɗin, kuma me aka yi ko aka shaƙa kafin ciwon ya motsa. Likitoci suna auna zaman ciwon da tambayoyi huɗu game da mako huɗun da suka wuce: an ji alamu da rana fiye da sau biyu a mako? An farka da dare? An nemi shuɗin fiye da sau biyu a mako? Ciwon ya hana aiki ko wasa ko makaranta? Ba mai iya riƙe wannan duka da ka, amma waya ba ta mantuwa. Har ila yau tana iya ƙirga abin da ya rage a mazubi. Alal misali, mazubi mai shaƙa 200, in ana yin biyu da safe biyu da dare, kwana 50 zai yi. Sai a sa waya ta yi tuni a kwana na 40, a fara neman kuɗin wani. Girgiza mazubi a kunne ba ya nuna ko akwai sauran magani.

Na uku, ajiyar takardar matakai. Wannan takarda ce da malamin asibiti zai rubuta wa mai ciwon shi kaɗai, mai kashi uku kamar fitilar kan titi. Kore, lafiya lau, a ci gaba da rigakafi. Rawaya, ciwo ya fara motsi, ga abin da za a ƙara. Ja, hatsari, a nufi asibiti. Wanda yake da ɗan ma'aunin ƙarfin numfashi da ake hurawa zai iya gane matsayinsa da lamba: kashi 80 cikin ɗari ko fiye na mafi kyawun hurawarsa kore ne, 50 zuwa 80 rawaya, ƙasa da 50 ja. A ɗauki hoton takardar a waya, a aika wa uwa da uba da malamin makaranta.

Na huɗu, sadarwa. Ta waya matashi zai iya tambayar malamin asibiti ko mai harhaɗa magani abin da kunya ta hana shi faɗa a gaban mutane. Zai iya ɗaukar bidiyon yadda yake shaƙar magani a gyara masa, domin mutane da yawa suna fesa maganin ne ya tsaya a baki bai kai huhu ba. Haka kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, takan fitar da gargaɗin hazo da ƙura, kuma ana samunsa ta waya da rediyo. Ranar da aka yi gargaɗi sai a rufe hanci da baki, a rage zirga-zirga, a riƙe shuɗin a aljihu.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Ba daidai ba ne a yaba kaya ba a gwada ba. An kuwa gwada, ga abin da aka samu.

A ƙasar Niyu Zilan, a wani gwaji da aka buga a 2015, an ba yara 220 masu shekara 6 zuwa 15 maganin rigakafi mai ɗauke da na'urar ƙirga. An kunna wa rabinsu ƙararrawar tuni, aka bar rabin babu. Masu ƙararrawa suka shaƙi kimanin kashi 84 cikin ɗari na maganinsu, sauran kuwa kashi 30 kacal. A 2022 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen likitanci, ta haɗa gwaji 40 da aka yi da mutum fiye da 15,000, ta samu cewa tuni ta hanyar na'ura yana ƙara lizimtar magani da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Abin sha'awa, gajeren saƙon tes na ƙaramar waya ma ya yi amfani.

Amma akwai ɗaya ɓangaren. A Biritaniya, a wani gwaji da aka buga a 2012, an raba mutum 288, matasa da manya, gida biyu: wasu suna rubuta lissafinsu a waya, wasu a takarda, dukansu kuma ma'aikatan jinya suna duba su bisa ƙa'ida. Bayan wata shida duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi, ba kuma wanda ya fi wani. A Holan kuma, an gwada wata manhaja da matasa 234 masu shekara 12 zuwa 18, aka buga sakamakon a 2019. In an haɗa su duka ba a ga wani bambanci ba, sai dai ta taimaki waɗanda dama suke sakaci da magani, kuma abin da ya fi tasiri a cikinta shi ne musayar saƙo da mai harhaɗa magani.

Darasin a fili yake. Tuni yana da amfani, lissafi yana da amfani, amma albarkar tana wurin mutumin da ke ɗaya gefen yana karantawa yana ba da amsa. Wanda ba shi da babbar waya bai yi asara ba: ƙaramar waya tana da ƙararrawa, littafin rubutu na makaranta kuma yana ɗaukar lissafi.

YADDA ZA A YI A GARI IRIN SORAU

A ɗauki misalin wata ɗaliba mai shekara 15 a Sorau, wadda kowane hunturu sai ta rasa makonni a makaranta. An kai ta asibiti a Mubi, an tabbatar asma ce, an rubuta mata magani iri biyu da takardar matakai. Ba ta da waya, amma yayanta yana da babba, mahaifiyarta kuma tana da ƙarama.

Sai a sa ƙararrawa biyu a wayar uwar, ɗaya da sassafe ɗaya bayan cin abincin dare, tun da ita ce wayar da ke kwana a gida, kuma cajinta yana daɗewa. Yarinyar da kanta za ta riƙa cika lissafi a littafi, layi ɗaya kowace rana. Ƙarshen mako yayan ya ɗauki hoton shafin ya aika wa ma'aikacin lafiyar da ya yarda ya riƙa dubawa. In an kwana biyu babu sabis ba a rasa komai ba, domin littafin yana nan.

Bayan wata guda, mai yiwuwa lissafin ya nuna cewa daren da ciwo ya fi tashi shi ne daren ranar da ta yi shara ko ta hura wutar girki, ko daren da aka kunna maganin sauro a ɗaki. Daga nan gyara ya zo da sauƙi: a yayyafa ruwa kafin shara, a mayar da murhu fili inda iska ke kaɗawa, a sauya mata aiki da wata 'yar'uwarta, a rataya gidan sauro a daina ƙona magani. Wannan ilmi ba likita ne ya zo da shi daga birni ba, daga littafinta ya fito.

Akwai kuma wata dabara mai arha. Maganin fesawa ya fi isa huhu in an haɗa shi da bututun shaƙa, wanda malaman asibiti ke kira sifesa. A Afirka ta Kudu, wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna cewa gorar roba ta rabin lita, in an huda gindinta daidai bakin inhela, tana aiki kamar bututun da ake sayarwa. Ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya nuna yadda ake yinta da yadda ake wanke ta.

GARGAƊI WAJEN ZAƁEN MANHAJA

Kasuwar manhaja kamar kowace kasuwa ce, akwai na gari akwai jabu. A 2012 wasu masu bincike a Landan sun duba manhajojin asma 103, ba su samu ko ɗaya da ta haɗa cikakken bayani ingantacce da kayan aikin da mai ciwo ke bukata ba, wasu ma suna ba da shawarar da ta saɓa wa ilmi. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma hattara tana nan. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

A nuna wa malamin asibiti manhajar kafin a dogara da ita. A zaɓi wadda ke aiki ko babu data. A guji duk wadda ke tallar maganin da wai yana warkar da asma har abada, ko take cewa a ajiye inhela. Haka nan a guji saƙonnin da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook da TikTok masu irin wannan da'awa. Yawancin manhajojin da Turanci suke, kuma an yi su ne domin ƙasashen da sunayen magungunansu da lambobin gaggawarsu suka bambanta da na nan. Matashin da ya fi jin Hausa ko Fulatanci gara ya riƙe takardar da aka rubuta masa da harshen da yake fahimta.

Bayanin lafiya sirri ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba shi kariya ta musamman, ta kuma nemi yardar iyaye kafin a tattara bayanan yaro. Manhajar da ke neman hotunan waya da lambobin abokai ba gaira ba dalili, a goge ta. Magani kuma a saya a wurin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

RANAR DA CIWO YA TASHI

Wannan sashe a haddace shi, kada a bar wa waya. Alamun hatsari su ne: mutum ya kasa gama jimla ɗaya sai ya tsaya ya ja numfashi; fatar tsakanin haƙarƙari da ta maƙogwaro tana lotsawa; leɓe ko harshe ya canza launi; ya fara magagi ko ruɗewa; ya shaƙi shuɗin bai ji sauƙi ba. Ƙirjin da yake kuka sannan ya yi shiru alhali mai shi yana ƙara galabaita, wannan ba sauƙi ba ne, hatsari ne mafi girma.

A zaunar da shi tsaye, kada a kwantar da shi. A kwance masa abin da ya matse shi, jama'a su ja baya. A ba shi shuɗin ta bututun shaƙa, fesa ɗaya ya ja numfashi kamar sau huɗu, sannan wata, har zuwa 10 in da bukata. Wanda aka rubuta masa wani tsari dabam a takardarsa ya bi nasa. Ana cikin haka wani yana kiran mai mota ko mai babur. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya turare ko jiƙo ko ɗura masa wani abu. Babban aikin waya a wannan dare shi ne kira, saboda haka lambar mai abin hawa da ta ma'aikacin lafiya su kasance a ajiye tun da wuri, da ɗan kuɗin kira da caji. Ko da ya samu sauƙi, a kai shi a duba shi cikin kwana biyu, domin wanda ciwo ya kayar sau ɗaya yana iya sake kayar da shi. Wanda ciwonsa ya ƙi kwanciya duk da magani, ya nemi a tura shi babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola.

KIRA GA KOWA

Ba a ɓoye gaskiya ba, maganin shaƙa ya yi tsada, musamman bayan da kamfanin GlaxoSmithKline, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar a watan Agusta na 2023 cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Nijeriya, ga kuma faɗuwar darajar naira. Ƙararrawar da ta buga alhali mazubi fanko ne ba ta amfani kowa ba. Iyaye su tambayi likita ko mai harhaɗa magani ko akwai irin maganin na wani kamfani mai rajista wanda ya fi arha, su kuma nemi bayanin shiga inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ta ga dukan 'yan ƙasa. A kuma tuna cewa kuɗin rigakafin watanni bai kai na kwanciyar asibiti da ɗaukar mota cikin dare ba.

Iyaye su daina ɓoye ciwon, su kuma riƙa miƙa wa matashi ragamar maganinsa sannu a hankali, suna sa ido ba tare da tsangwama ba. Shugabannin makarantu, musamman na kwana inda aka hana riƙe waya, su bar ɗalibi ya riƙe maganinsa a aljihunsa, kada a kulle shi a ofis. Su ajiye kwafin takardar matakansa. Su ɗauke masa sharar ƙura su ba shi wani aikin. Kada kuma a hana shi wasanni, domin motsa jiki yana ƙara masa lafiya in ciwon yana kwance. Ma'aikatan lafiya su rubuta wa kowane mai asma takardarsa, su ce ya shaƙi magani a gabansu su gani, su kuma duba lissafin da ya kawo, domin wanda ya yi wata guda yana rubutu aka ƙi dubawa ba zai sake rubutawa ba. Hakimai, dagatai, limamai da fastoci kuwa su yi amfani da Ranar Asma ta Duniya, wadda aka fara a 1998, ake kuma yin ta Talatar farko ta watan Mayu, su ja hankalin jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga matasa kuwa, wayar da ake kwana da ita ana kallon ƙwallo da hira tana iya ba da minti biyu kowace rana domin numfashin mai ita. A sa ƙararrawa yau, a rubuta layin farko yau, kafin hunturu ya sake saukowa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa masu ita.